Gilashin da Na Cire

Asabar, 4 ga Oktoba

Na sayo kan lezar, fitilar nan mai harba siririn haske ɗigo ɗaya. Ɗan ƙarfe ne mai ruwan tagulla, bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba, da ɗan allon wuta a bayansa, da sifirin a ƙarshe. Tsohon da ke sayar da kayan lantarki a ƙarƙashin gada ya naɗe min shi a takarda har ninki uku. Ya ce kore ne, kuma ba abin wasa ba ne. In nemi tabarau kafin in kunna, in kuma bar ɗan gilashin da ke bakinsa a inda na gan shi. Na ce Baba, shekara ashirin da biyu nake aikin wuta. Ya ce to ai irinku na fi jin tsoro.

Ban san me ya sa nake son abin nan ba. A'a, na sani. Shekara shida ke nan a wannan sito ina canza ƙwan fitila, ina canza fis, ina ɗaure abin da wani ya ƙera, ina kwance abin da wani ya lalata. Ban taɓa haɗa abu daga farko har ƙarshe na ce wannan nawa ne ba. In foman ya tambaya, zan ce don nuna fitilun rufi ne, tunda tasa lezar mai jan haske ba ta kaiwa can sama. Ita ma gaskiya ce, amma rabi.

Na ɓoye shi a aljihun jakata na ciki. Da abokin kwanana Sarkin Aro a ɗaki ba a ajiye abu a fili.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Jikin tsohuwar tocilan zan yi amfani da shi. Na fitar da kayan cikinta, na goge tsatsar da batir ya bari. Kan lezar ya yi mata kaɗan, sai na yanka zoben ƙarfe na cike tsakani, don ya zauna daram, ya kuma riƙa sha masa zafi.

Ina cikin yi ya shigo, sanye da silifas ɗina. Na tura komai ƙarƙashin filo. Ya ce Injiniya, me ake ƙerawa ne haka a ɓoye, jirgin komawa gida? Na ce ka cire min takalmi.

Kamfani ne ya haɗa mu ɗaki ɗaya, wai tunda harshenmu ɗaya. Kamar harshe ɗaya shi ne hali ɗaya. Shi direban mota mai cokali ne, wadda ke ɗaga kaya zuwa saman kantoci a sitonmu. Sabulu, caja, reza, man shafawa, ba abin da bai ara ba, kuma sai ya gama amfani sannan ya ce Yaya na ɗan ari kaza. Bai san sunan da na sa masa ba.

Amma in rubuta wannan ma, kar in zama azzalumi a littafina: bai taɓa dafa abu bai rufe min nawa ba. Bara da bayana ya riƙe, mako biyu shi ya yi min wanki.

Laraba, 8 ga Oktoba

Makunni ya ƙi zama a ramin da na huda masa a bencin gyara na sito. Na ƙone yatsa da dalma. Gwiwa na ciwo.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ya kama!

Shi yana aikin safe, ɗakin nawa ne ni kaɗai. Na ja labule, na sa tabarau, na juya bakinsa ga bango, na danna. Ɗigo ɗaya, kore shar, irin koren da ban taɓa gani a jikin ganye ko tufa ba. Na ɗora butar shayi ta tafasa, na haska ta cikin tururi, sai ga zaren hasken gaba ɗaya, miƙe kamar an ja shi da rula, daga hannuna har bango. Na tsaya ina kallo har ruwan ya kusa ƙonewa. Mutum mai shekara arba'in da takwas yana dariya shi kaɗai a ɗakin haya.

Abu ɗaya ya ɓata min rai. Ɗigon ba shi da tsabta. Akwai wani hazo a gefensa na hagu, kamar an shafa yatsa a kan tawada kafin ta bushe. Na goge baki, na sake gogewa. Yana nan.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na yi waya da uwar yara. Rufin ɗakin baya na yoyo, babbar 'yarmu ta fara kwana da littafi saboda jarrabawa, ƙanena bai leƙo su ba tun watan jiya. Ta ce kai me kake yi ranar hutu? Na ce barci. Ya zan ce mata ina wasa da fitila?

Asabar, 18 ga Oktoba

Na gano mai laifin. Ɗan gilashin bakin ne, wanda Tsoho ya ce kar a taɓa. An manna shi a karkace, gam ya malalo ta gefe ɗaya. Aikin wanda yake sauri a tashi, na san irinsa, ina ganinsu kullum. Na ɗauka kariyar ƙura ce kawai. Na sa bakin allura na ɓamɓare shi, ya fito lafiya, ɗan mitsitsi mai ruwan shuɗi-shuɗi. Na jefa shi a gwangwanin ƙananan kusoshi.

Ɗigon yanzu kamar kan allura. Tunda na buɗe, na ɗan murɗa sukurun da ke kan allon, na ƙara masa wuta kaɗan. Kaɗan dai.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na je da shi wurin aiki. Na nuna wa foman fitilar layi na tara da ta mutu, daga ƙasa, ba tare da ya ɗaga hannu yana cewa wacce, wacce ba. Ya kalli ɗigon, ya kalle ni, ya ce a ina na saya. Na ce ni na haɗa. Ya ce hmm. Shekara shida, wannan hmm ɗin shi ne yabo mafi tsawo da na samu a bakinsa.

Sarkin Aro ya hango daga kan motarsa. Da muka dawo ya dame ni in nuna masa. Na ce ba abin yara ba ne. Ya ce yara uku gare ni, Yaya. Na ce to ka ji da su.

Asabar, 25 ga Oktoba

Sanyi ya sauka, injin ɗumama ɗaki kuma har yau ba a kunna mana ba. Lezar ma ta ji a jikinta. In na danna sai koren ya fito a raunane, ko ya ƙi fitowa sam, sai na riƙe ta a hammata na minti biyar sannan ta farfaɗo. Ni da ita duk ɗaya, ba a yi mu don nan ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na makara da safe, na bar ta a kan taga, da batir a ciki. Ban taɓa yi ba. Shi yana hutu yau.

Na dawo na tarar ta koma kan tebur. Ban ma tambaya ba ya fara. Wai Injiniya, tocilan ɗin taka ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Ya danna ya danna ba komai, har ya leƙa cikin bakin yana dannawa, sai wani ɗan ja-ja can ƙasa kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Yana faɗa yana dariya.

Na wanke shi tas. Sau nawa zan ce ka daina taɓa min kaya? Ya ce Allah ya ba ka haƙuri, ya tura min kwanon shinkafa. Ban ci ba. Daga baya na ci.

Laraba, 29 ga Oktoba

Yana ta murza idon dama. Wai akwai wani abu kamar ƙuda da ya zauna masa a tsakiya, duk inda ya kalla yana nan, ba ya tashi. Ya ce ƙila hasken masu walda ne, ranar Asabar sun yi gyara kusa da ƙofar lodi. Na ce ƙila.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ya je ɗakin shan magani na kamfani. Ya ce musu ƙura da walda, suka ba shi maganin ɗigawa, sau uku a rana. Ba ya iya ɗiga wa kansa, sai ya runtse ido maganin ya bi kunci. Ni nake ɗiga masa. Ya kwanta a gadonsa ya wangale ido yana cewa a hankali likita, kar ka tsone ni.

Idon fari tas. Ba ja, ba ruwa, ba kumburi. Na ga idon da walda ta ci, ba haka yake ba. Shi wancan ja yake kamar an zuba yashi, kuma kwana biyu ya wuce.

Wani zato na min kai-komo a rai. Ba zan rubuta ba tukuna.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na je wurin Tsoho, wai in tambaye shi maganar sanyi. Ya karɓa, ya juya, ya kalli bakin. Sannan ya ce ina gilashin?

Na ce a karkace yake. Ya ce ban tambaye ka yadda yake ba.

Ya sa ta a ƙaramin firjinsa na ruwan sha har ta yi sanyi. Ya fito da ita ya ɗora a kan kanta, bakinta na kallon farar takarda, ya sa ni na koma bayansa. Ya danna. Ba komai a kan takardar, ko ɗigo. Sai ya ɗauko tsohuwar wayarsa ya buɗe kyamara ya saita. A fuskar wayar, takardar na ci bal-bal, wani farin haske mai ruwan shunayya, faɗinsa ya kai tafin hannun jariri. Na ɗaga kai na kalli takardar da idona: fara fat, ba komai. Na sake kallon waya: wuta.

Ya yi min bayani a hankali kamar ɗalibi. A cikin abin akwai wata fitila mai ƙarfi da idon mutum ba ya ganin haskenta. Ita ke bugun wani ɗan dutse, dutsen ya mayar da ɗan kaɗan daga hasken ya zama kore. Ragowar, mai yawan, wannan gilashin ne ke tare shi. In sanyi ya kama dutsen sai koren ya ɗauke, amma waccan tana nan tana aikinta. Kuma tunda ido bai ga komai ba, ba ya ƙiftawa. A buɗe yake tsayawa.

Ya ce kai ka leƙa? Na ce a'a. Ya ce to alhamdu lillahi. Na ce alhamdu lillahi.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da shi yana jirana da kwalbar magani a hannu, wai lokaci ya wuce. Na ɗiga masa. Na kuskure idon, ya ce sanyi ne ko? Na ce sanyi ne.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na cire batir. Na naɗe ta a safa na tura ƙasan jaka.

Wa ya aike shi? Na ce kar ya taɓa min kaya, na faɗa ya fi sau ɗari. Babba da shi, ya ga abu bai sani ba ya kai ido. Ko a gaban alƙali...

To amma. Abin da na ce masa shi ne kar ya taɓa min kaya, yadda nake cewa a kan sabulu. Ban taɓa ce masa wannan yana makantarwa ba. Ni ma ban sani ba. Ban sani ba don an gaya min na ce shekara ashirin da biyu.

Ni na cire. Ni na murɗa. Ni na bar batir.

Ƙila abin idon ya wuce da kansa. Tsoho bai ce ba ya wucewa ba. Ban dai tambaye shi ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Da safe ya zuba shayi a gefen kofi, a kan tebur. Ya yi dariya ya goge da hannun riga. Na ga ya fara karkata kai in zai kalli waya, kamar kaza.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

An liƙa takarda a allon sanarwa. Gwajin ido na direbobi ranar ashirin ga wata, kamar kowace shekara. Wanda bai wuce ba a sauke shi daga mota. Wanda aka sauke kuma, duk mun san sauran: takardar zamansa a ƙasar nan a kan aikin tuƙi aka yi ta.

Da yamma ya kawo kwali ya ce in rubuta masa haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa, in tsaya a bakin ƙofa. Da idon hagu ya karanta har layin ƙarshe. Ya rufe hagu. Ya ce na farko yana gani, na ƙarshe yana gani, na tsakiya ba ya nan. Na matsa da kwalin, ya ce yanzu na tsakiyan ya dawo, wani ya tafi.

Sai ya ce ai ba komai, wani direba ya ɗauki hoton allon gwajin bara, zai haddace. Ya ce Yaya kai ne mai boko, ka riƙa yi min bita. Yana murmushi, amma ya riƙe bakin gado da hannu biyu.

Na ce to.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Sau uku na buɗe baki yau. Sau uku na ce masa miƙo gishiri, ko wani abu irin wannan.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

In na faɗa, zai gaya wa likita, likita ya rubuta, takarda ta je ofis. Za a ce wa ya kawo abin nan gidan ma'aikata, wa ya kai shi sito, a bencin wa aka huda shi. Ni ma takardata a hannunsu take. Babbar tana jarrabawa.

In ban faɗa ba, zai ci gaba da zuba maganin ƙura a kan ƙuna.

Uwar yara ta ce muryata wani iri. Na ce mura ce.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ina kan tsani a layi na huɗu, ina gyaran akwatin wuta. Shi yana layi na biyar da motarsa, zai sauko da katakon kaya daga hawa na biyar, kwalayen man girki. Mutumin nan, duk abin da zan ce a kansa, cokalinsa yana shiga rami kamar zare a allura, ko kallo ba ya yi sau biyu. Yau na ga ya tsaya. Ya ɗaga, ya sauke, ya karkata kai. Ya tura. Haƙori ɗaya ya shiga, ɗayan ya daki katako. Kayan suka yi baya, suka jingina da ƙarfen kanta, suka tsaya a karkace.

A ƙasa, ta ɗaya gefen, mata biyu masu liƙa lamba na tsaye suna hira. Ba su ma ɗaga kai ba.

Ya ja baya a hankali, ya sake saitawa, ya ɗauko. Ba wanda ya gani sai ni. Da ya wuce ta ƙarƙashin tsanina ya ɗago ya kalle ni, ya sa yatsa a baki.

Sai da na zauna a kan matakala kafin na sauko.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na faɗa.

Bayan mun dawo ne, kafin magariba. Ya kwanta ya miƙo min kwalbar. Na ajiye ta a tebur. Na fito da safa, na fito da lezar, na zazzage gwangwanin kusoshi na nemo gilashin. Na yi masa abin da Tsoho ya yi min, da takarda da waya, ɗakin ma ya isa firji. Ya kalli wayar, ya kalli takardar. Na gaya masa komai bi da bi. Ban ce wa ya aike ka ba. Ya zo min har baki, na haɗiye.

Ya daɗe yana kallon gilashin a tafin hannuna. Na ɗauka zai tashi ya shaƙe ni, da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Yaushe ka sani?"

Na ce ranar ɗaya ga wata.

Ya ƙirga da yatsu. Ya ce, "Kwana goma. Sau uku a rana. Kana buɗe min ido da hannunka kana zuba min maganin ƙura, Yaya, ka kuma sani."



Ya ce shi bai ga laifina a kan gilashi ba, kowa na kuskure a sana'arsa, shi ma jiya na gani. Ɗaukar da ya yi kuma laifinsa ne, ya sani, ko da yake da na nuna masa sau ɗaya da ya roƙa, da bai ɗauka a ɓoye ba. Amma kwana goman nan, ya ce, ba shi da inda zai ajiye su.

Ya sa takalminsa ya fita. Nasa takalmin. Ya dawo bayan isha'i ya kwanta ya juya wa bango fuska.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Da safe na ce masa gobe akwai asibitin ido, na tambaya, ana ganin mutum ba sai da takardar kamfani ba. Na ce kuma kar ya hau mota yau. Ya ce in na je asibiti an rubuta, ka san abin da zai biyo baya, ni da kai. Na ce na sani. Ya ce haddar ta kusa zama. Na ce matan nan biyu fa?

Daga baya ya aika wa foman cewa ba shi da lafiya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Bas biyu. Bai zauna kusa da ni ba.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Na ajiye mata lezar da gilashin a ambulan, na yi bayani. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai rubuta. Ta ɗiga masa wani magani da ya buɗe baƙin idon, ta sa haɓarsa a kan na'ura, ta ɗauki hoton can ciki. Ta juyo mana da allon. Wani fili ja mai jijiyoyi, a kusa da tsakiya ɗan tabo fari-fari, bai kai ƙwayar gero ba. Abin da na yi ke nan. Ɗan wannan.

Ta ce ƙuna ce, da kumburi kewaye da ita. Kumburin zai iya sauka, tabon zai zauna. Nawa ne kumburi nawa ne tabo, sai lokaci ya nuna. Na tambaye ta, da mun zo da wuri fa? Ya juyo ya kalle ni da idon hagu. Ta ce da ta fara ba shi maganin rage kumburi tun a makon farko, an fi son haka, amma ba za ta rantse cewa da ya canza wani abu ba. Ba za ta rantse cewa da bai canza ba kuma.

Wannan amsar zan kwana da ita har in mutu.

Ta rubuta: ba tuƙi na mako takwas, a ɗage masa gwaji, ya dawo duk bayan mako biyu.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na riga takardar zuwa ofis. Na gaya wa foman da bakina, a tsaye, kafin ya cire hula. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce wato abin da ka nuna min fitila da shi. Na ce shi. Ya kai maganar sama.

Da la'asar aka kira ni. Takardar gargaɗi, ta ƙarshe, na sa hannu. An hana ni taɓa bencin gyara in ba da aikin kamfani ba. Shi kuma an mayar da shi wurin naɗe kwalaye a ƙasa har mako takwas ɗin su cika, sannan a gwada shi. In ya wuce ya koma mota. In bai wuce ba, foman ya ce za a duba. Na san za a duba ɗin nan. Amma bai kore mu ba, kuma yana iyawa. In rubuta masa wannan.

Talata, 18 ga Nuwamba

Yana gaishe ni da safe, cikakkiyar gaisuwa, irin wadda ake yi wa baƙo. Ya daina ce min Injiniya. Sabon maganin, wani mai gadi ne a hawa na ƙasa yake ɗiga masa.

Na gaya wa uwar yara. Duka. Ta ce shi matarsa ta sani? Na ce ban sani ba. Ta ce shekara biyu kuna ɗaki ɗaya. Na ce e.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na gan shi a wurin kwalaye, yana zagaya katako da leda, zagaye bayan zagaye. Wani sabon direba ya wuce da motarsa yana ƙoƙarin saita cokali. Ya tsaya yana kallo, hannunsa na motsi shi kaɗai a iska, yana gyara masa.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ranar komawa asibiti. Bai ce in zo ba, bai ce kar in zo ba. Na bi shi.

Ya karanta layi ɗaya fiye da wancan karon. Ɗaya. Likita ta ce kumburin ya fara sauka, kar mu yi murna tukuna, layi biyu suka rage kafin abin da ake nema a wurin direba. Ƙila su zo, ƙila ɗaya ya zo ya tsaya.

Ta sake ɗiga masa mai buɗe idon nan, wannan karon duka biyun, don ta duba na hagun ma. Da muka fito rana ta haske titi fes, shi kuwa ido a wangale, ba ya iya ɗaga kai. Na miƙa masa hannu, ya ƙi. Ya bi bango da kansa har bakin hanya. Nan bango ya ƙare. Motoci na wucewa. Muka tsaya, fitila ta ba mu hannu ta ɗauke, ta sake bayarwa.

Sai na ji nauyi a kafaɗata.

Ya ce, "Ka rage sauri. Tafiyarka kamar ana bin ka."

Na rage.

A bas ya zauna ta taga ido a rufe, ni a gefensa, don ba wani wurin. Na tambaye shi ko matarsa ta sani. Ya ce a'a, ciki gare ta, wata bakwai, ba ya son ya tayar mata da hankali sai ya ga inda abin ya tsaya. Na huɗu ke nan. Ban san da wannan ba. Na tambayi sunayen ukun, ya faɗa, na maimaita, ya gyara min na ƙaramar. Ban ce ya yafe ba, bai ce ba, ban kuma tambaya ba.

Sha ɗaya ga watan gobe za a koma. Na gaya wa foman ya cire ni daga aikin Alhamis don in riƙa raka shi har sai an gama, in biya da Lahadi. Ba wani abu ba ne. Bas na biyun ne lambobinsa ƙanana, ko mai ido biyu sai ya matsa kusa.